Wa Zai Sayi Maganin Inna Wannan Watan?

Mu dai ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Ka faɗi haka a kowace majalisa, daga teburin mai shayi har zauren ɗaurin aure, za ka ga ana gyaɗa kai, wani ma ya ƙara da "Allah ya kiyaye, wannan ai sai Turawa." Kuma abin alfahari ne na gaske, ni ma da shi nake tinƙaho. A Kano akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, amma duk wanda aka ji ya kai mahaifiyarsa can alhali yana da rai da lafiya, to sai dai ya sake unguwa. Abin da ba mu cika faɗa a majalisar ba shi ne, tsufa ko a gida aka yi shi da kuɗinsa yake zuwa, kuma duk wata sai wani ya biya.

Kusan kowane gida yanzu yana da zaurensa a WhatsApp, mai suna "Zuri'ar Marigayi Alhaji" ko "Family ɗin Hajiya", kuma zaure ne mai rai. Tun asuba an turo azkar, da hantsi an turo hoton jariri, ranar Juma'a kuwa gaisuwa har ta yi yawa. To bari auta ta rubuta, "Salamu alaikum, maganin Inna saura na kwana uku." Nan take wuri zai yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kowa ya karanta, alamar nan shuɗiya ta nuna, amma kowa yana jira wani ya fara. Can da yamma Yaya Babba zai turo saƙon murya na minti huɗu, ya fara da salati, ya bi da falalar biyayya ga iyaye, ya rufe da "a yi ƙoƙari don Allah." Nawa ne ƙoƙarin? Bai faɗa ba. Mai bi masa ya ce albashi bai shigo ba. Na ukun ya ce shi ne ya saya wancan watan, alhali kowa ya san wancan watan nasa tun kafin azumi ne. Mu duka mun taɓa zama ɗaya daga cikin mutanen nan uku, wasunmu ma dukkansu a shekara guda.

Ba kuma rashin so ba ne, kada a yi mana mummunar fahimta. Ranar da aka ce Inna ta yanke jiki ta faɗi, ka zo ka ga zumunci. Kafin a isa asibiti alat ya fara shigowa, wanda ya ce ba shi da ko sisi jiya ya sayar da wayarsa, na Abuja ya kamo hanya cikin dare, mata sun shimfiɗa tabarma a barandar asibiti sun cika wurin da kuloli da fulas. A jinyar gaggawa ba a kai mu. Inda muke sanyi shi ne jinyar da ba ta da ranar sallama: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gwiwa, da mantuwar nan da ke sa tsohuwa ta tambayi 'yarta ko 'yar waye. Waɗannan ba sa zuwa da kururuwa. A hankali suke cin aljihu, wata bayan wata.

Ku zo mu lissafa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai ƙwayar hawan jini ta kullum. Akwai ta suga, in kuwa an kai ga allurar insulin sai an nemo mata sanyi, ga wuta ba tabbas, shi ya sa za ka tarar da ita ƙulle a leda an rataya a gefen randa, ko an kai ajiya firjin maƙwabta masu sola. Akwai tsinken gwada suga, wanda ake ta tattalinsa har a koma gwaji sai ranar da jiki ya ƙi daɗi. Akwai pampas na manya, abin da ba a faɗar sunansa da ƙarfi a kemis, sai a sunkuya a ce "irin na wancan satin." Ga sabulu, ga omo, ga ledar katifa, ga kuɗin Keke Napep zuwa gashin ƙashi, shata kuwa, domin mai shanyewar jiki ba ya zaman mutum uku a baya. Likita kuma ya ce a rage gishiri da magi, a bar tuwon shinkafa a koma alkama da acca, wato tukunya biyu ke nan a gidan da ɗayar ma da ƙyar take hawa murhu.

Duk wannan a kan me? Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, daga 30,000 na 2019. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta zube, magani ya bi dala ya haye, domin ko dai daga waje ake shigo da shi ko kuma kayan haɗa shi. Iyayenmu da yawa kuwa ba su taɓa karɓar albashi ba balle fansho. Baba manomi ne, ko mahauci, ko tela, ko ɗan koli. Inna kuma sana'arta ƙuli-ƙuli da kitso da renon mutum goma. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, har da asusun marasa ƙarfi a ciki. Dokokin suna nan, amma ka zaga layinku ka ƙirga tsofaffi nawa ne ke da katin. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima sun ɗan fi mu sauƙi a nan, domin a Gana wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin inshorar shekara. Mu namu inshorar 'ya'ya ne, kuma 'ya'yan ga halin da suke ciki.

Wanda ma yake da fanshon, Allah sarki. Wa bai taɓa ganin ranar tantancewa ba? A ɗauko dattijon da ya yi shekara 35 yana koyarwa, a sa masa babbar rigarsa ta Sallah, jikoki biyu su tallabe shi su sa a mota, a je a bi layi cikin rana domin a tabbatar wa gwamnati yana raye. A dawo da shi a galabaice, kuɗin motar ma bashi ne. In kuɗin ya fito, rabinsa ya tafi kemis ɗin da ke bin mu bashi, mai kemis ɗin kuwa ya buɗe mana shafi guda a littafinsa da sunan "Gidan Malam."

Amma babban kuɗin da ake kashewa a jinyar tsoho ba ya shiga kowane littafi, domin da jiki ake biyansa, kuma kusan kullum jikin mace ne. A kowane gida akwai ta. Ko dai 'yar da aurenta ya mutu ta dawo, aka ce "ai gara ma, ga Inna ba kowa." Ko matar ɗan da bai samu ya fita daga gidan gado ba. Ko jikar da aka ce ta zo hutu, hutun ya shekara uku, makaranta ta bi ruwa. Ita ke tashi ƙarfe biyun dare ta juya Inna don kada bayanta ya yi gyambo. Ita ke kai fo, ta wanke zannuwa tun kafin gari ya waye don kada baƙi su gani a igiya. Ta san cokali nawa na kunu Inna ke iya haɗiyewa kafin ta sarƙe, ta san wace ƙwaya ake dakawa a zuma, ta san irin nishin da ke nufin ƙishirwa da wanda ke nufin a kira likita. Ta bar ɗinkinta, ta fita daga adashe, biki sai dai ta ji labari. Mu kuma in mun zo ranar Juma'a da ƙamshin turarenmu, sai mu durƙusa mu gaida Inna, mu juya mu ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Amin, lada kam tana da shi. Amma da wata muka ɗauko daga waje ta yi wannan aiki, da tun ranar farko an yi cinikin albashi. Tunda tamu ce, sai muka bar ta da addu'a. Har ma mu ɗaga zanin gado mu duba, mu ce, "Anya an yi mata wanka yau?" Wanda ya zo dubiyar minti ashirin ya fi kowa iya jinya.

Su kansu masu dubiya sai a yi littafi a kansu. Mai ciwon suga ake zuwa gani, amma ledar da ke hannu Maltina ce da lemon kwalba da biredi. Kowa kuma likita ne. Goggo ta zo da sassaƙe, Kawu ya zo da rubutu a gora, maƙwabciya ta ce a bar na asibiti a gwada habbatussauda da man zaitun, ai wata a garinsu haka ta miƙe. Mu da muke cewa ba kuɗin ƙwaya, sai ga mu mun haɗa na wani mai magani da muka ji a lasifika a kasuwa, don ya ce nasa kwana bakwai ne an rabu da ciwon har abada. Son a huta da sayen na wata-wata ne yake ja mu, shi kuwa ya san haka.

Kada kuma a ɗauka su tsofaffin ba su da nasu. Inna da kanta 'yar adawa ce a cikin wannan gwamnati. Ka ba ta kuɗi a hannu ka ce na nono ne da kifi, kafin la'asar ta kwance bakin zani ta raba wa jikoki da almajirin gidan, ta aika wa ƙawarta gudummawar suna. Ka sayo ƙwaya da guminka, ranar da aka ɗaga katifa a tarar da ta sati biyu a jere a ƙasa, wai tana sa ta jiri. An hana ta goro, amma jikan da ke saya mata a ɓoye yana da kamasho. Ka ce ta dawo gidanka inda akwai fanka da banɗaki a ɗaki, ta ce ita ba inda za ta, a ɗakin da aka kawo ta amarya za a ɗauke ta. In ka tambaye ta jiki, ko numfashi take da ƙyar, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ta san albashinka, ta san yawan 'ya'yanka, shi ya sa take ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta. Wannan ɓoyon na tausayi shi ne yake kai mu gadon asibiti, inda kuɗin ke ninkawa.

Sai na waje, wanda duk dangi suka ɗora wa ido. Tun da Ingila ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022, 'yan Najeriya da yawa suka tafi, har da namu. Yarinya tana can tana yi wa kakar wasu wanka tana ba ta abinci a baki, awa goma sha biyu a tsaye, don ta turo abin da za a kula da tata uwar a gida. Mu kuwa da mun ji an ce fam sai mu buga lissafi da canjin ranar, mu manta da kuɗin hayarta da harajinta. Na Amurka kuma in ya ba ka labari sai ka riƙe baki: gidan da ake kula da tsoho a can ya wuce dala 5,000 a wata, inshorar tsofaffi ta Medicare ba ta biyan kuɗin zama a irinsa, tallafin Medicaid kuma a jihohi da yawa sai abin hannun mutum ya ragu zuwa wajen dala 2,000 kafin a duba shi. Shi ya sa suke sayar da gidan iyaye su biya. Muna jin haka mu ce "Subhanallahi," alhali laifi tudu ne, mu ma muna da tamu rigimar gonar.

Gonar Baba ce, ko filinsa na bayan gari, shi ya saya da kuɗinsa, ga shi kwance yana bukatar aikin mafitsara. A ce a sayar, sai ka ji 'ya'ya sun zama malaman tattali: ai ƙasa ba ta faɗuwa, ai titi zai bi ta wurin, a dai ƙara haƙuri. Ba wanda zai furta kalmar gado mai abin yana raye, amma ita ce zaune a tsakiyar tabarmar. Mun gwammace mu ci bashi a banki da ruwa, ko a jingine mashin ɗin auta, da mu taɓa abin da kowa ya riga ya auna kasonsa a zuci. Shi kansa Baban wani lokaci shi ne zai hana, ya ce bai yarda ya cinye wa marayunsa ba, marayun da ƙaraminsu ya haura arba'in.

In kuwa aka ce za a kai Inna Umara, ko Baba Hajji, miliyoyi za su fito cikin wata biyu, kowa yana so a ji nasa. In ta Allah ta kasance, rumfa, kujeru, buhunan shinkafa, ruwan leda, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba wanda zai ce albashi bai shigo ba. Kuɗin da aka dafa a kwana ukun nan da ya sayi ƙwayar shekara.

Akwai gidajen da suka gaji da wannan jan ƙafa suka zauna suka yi tsari, kuma ina jinjina musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka mayar da abin adashe: kowa da abin da zai zuba ranar ɗaya ga wata, malamin firamare ba a yanka masa daidai da ɗan kwangila ba, wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kwanan Asabar da Lahadi ko kai Inna asibiti. Aka ba mutum ɗaya riƙon asusu, yana ɗaukar hoton rasit yana turawa zaure. Aka yanka wa mai jinya nata kason a fili, da sunan haƙƙi, aka kuma ba ta sati guda duk bayan wata biyu ta je ta ga 'ya'yanta ta yi barci. Suka je wurin likita suka roƙa ya rubuta musu magani da sunansa na asali maimakon na kamfani mai tsada, suka koma saya na wata uku a wurin 'yan sari masu rajista. Ba wai rigima ta ƙare a gidajen ba. Har yanzu ana musu a kan wa zai ɗauki watan Babbar Sallah, Yaya Babba yana nan yana turo nasa ranar goma sha biyar da dogon bayani, Goggo kuma ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka biya 'ya albashi don ta yi jinyar uwarta ba, a rubuta ta ce ba da yawunta ba. An rubuta, an kuma ci gaba da biya.