Gizo da Rumbun Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku.

A dajin kwamfuta kowace dabba da rumbunta, kuma ba mai leƙa na wani. Ko lambar kwando ta zo ɗaya, abin da ke cikin na Zomo daban, na Akuya daban. Zaki kaɗai ya san inda kowane hatsi yake, shi ne masu ilimi ke kira kernel.

Wata rana Akuya ta soma faɗuwa tsakiyar aiki. Aka kira Gizo, tunda sana'arsa ke nan, bincikar ɓarna a rumbun wani. Kura ta ji, ta rataya gafaka ta bi shi, wai ita ma almajirar magani ce.

Suka fara da garin Linux. Gizo ya faɗi gaban Zaki. "Yanka ya daɗe, ina shon in duba yumbun Akuya." Zaki ya miƙo masa wani tsohon ludayi mai suna ptrace, gadon Unix tun 1975. Sharaɗi: sai Akuya ta tsaya cak, kuma kowane ɗiba bayit 8 ne, kowanne sai an dawo fada. Megabayit guda, sahu 131,072. Gizo ya yi ta safa da marwa har ƙafafunsa suka kumbura.

Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, wahalar me kake sha? Ga ƙofar /proc can, rumbu a buɗe kamar littafi. Ga kuma buhun process_vm_readv da aka kawo a 2012." Gizo ya ce ai dama ya sani, gwada ta yake yi.

Amma bai yar da ludayin ba, don yana iya taɓa wurin da aka hana rubutu. Ya zare bayit ɗaya daga hanyar Akuya, ya dasa ƙaya mai lamba 0xCC. Akuya na takawa ta ƙame, Zaki ya aika a kira Gizo. Ya zo ya duba kwandunanta son ransa, ya cire ƙayar, ya mayar da bayit ɗin, Akuya ta wuce ba ta san an yi ba.

Yawun Kura ya tsinke. Ta ce a ba ta aron ludayin. Sai ga dogari Yama da sanda: a nan, in an sa doka a mataki na 1, rumbun 'ya'yanka kaɗai za ka duba. Kura ta rantse Akuya 'yarta ce ta cikinta. Aka duba littafin haihuwa. Aka raka ta bakin ƙofa.

A garin Windows takarda ake yanka. Ka je OpenProcess, a rubuta maka ko karatu ko rubutu, ka kai wa ReadProcessMemory, ka ɗiba Akuya na tsaka da kiwo. Mai riƙe da hular SeDebugPrivilege kuwa har rumbunan fada yake shiga. Kura ta ji daɗin garin nan. Ta sami hular, ta nufi rumbun lsass inda sirrin shiga gidaje yake. Sai dai tun 2013 aka tanadar wa rumbun kwaɗo na musamman, ranar kuma an tuna an kulle.

Garin macOS ne ya ba Gizo kansa haushi. Akwai ptrace, amma ludayin fasasshe ne, ba ya ɗibar komai. Sai ka nemi igiyar Akuya ta task_for_pid, da hatimi a hannunka, ita kuma da layar get-task-allow a wuya. Tun 2015 dabbobin gidan Apple ko mai gari bai isa ya taɓa su ba, sai ya kwance tsaron da hannunsa. Gizo ya yi gunaguni, ya bi layi, ya gano ɓarnar: Akuya ce ke zuba hatsi a kwandon da ta riga ta mayar.

Kura dai ta daina wahala da fada. Ta ɗinka riga irin ta Gizo, ta koyi tsamin bakinsa, tana bi gida gida tana cewa masu kwamfuta su ɗan sa mata kalmar sirri, magani za ta yi. Ana ba ta kuwa. In ta ƙwanƙwasa taka ƙofar, ka ce ta ɗaga rigar ka ƙirga ƙafafu, na Gizo takwas ne.

Ƙurunƙus.