An Naɗa Ni Bos a Birmingham

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu,

Da fatan kana lafiya, kai da amarya da wannan babur naka da ba ya tashi sai yaran unguwa sun tura. Ni ma lafiya lau. Sanyi ya shigo, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, mutum bai gama lazimin la'asar ba an kira magariba. Saƙon Inna ya iso. Yajin ya kai yaji. Daddawar kuwa, ranar da na buɗe ta maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakina. Maganar filin Damba mun gama ta a waya, kar ka sake tono ta. Ta auren Auta kuma, abin da Baba ya faɗa shi ke nan.

Yanzu gyara zama, ka tara 'yan majalisar bakin shagon tela, domin labarin sarauta na kawo. An naɗa ni. Ba rawani, ba algaita, ko zakara ba a yanka ba, amma duk unguwar Small Heath ta shaida. Ni ne bos.

Wanda ya yi naɗin wani Bapakistane ne mai soya kaza a Coventry Road. Na shiga shagonsa da rigunan sanyi a jibge, hanci yana zuba, na tsaya gaban allon farashi ina mayar da fam zuwa naira a zuci har jiri ya fara ɗibata. Sai ya ɗago kai ya ce, "Me za a ba ka, bos?" Na waiga baya da sauri. Ka san dalili. Mu da muka tashi a Gusau kafin Yarima ya ƙaddamar da shari'a a 1999 a rufe silima, mun san waye bos. Bos shi ne Amjad Khan a Sholay. Bos shi ne Amrish Puri da ya fito a matsayin Mogambo, mai gida a ƙarƙashin ƙasa da yara masu baƙaƙen kaya. Yana da kuɗi, yana da dariyar mugunta, yana sace budurwar jarumi, kuma duk yaron da ya taɓa leƙen bidiyo ta tagar maƙwabta a Tudun Wada ya san yadda ake ƙarewa da shi. Saboda haka da aka ce mini bos, abin da na fara dubawa shi ne ko jarumi ya shigo. Babu kowa sai wata tsohuwa da keken jarirai cike da albasa. Na gyara murya, na ce a ba ni cinya biyu da dankali. Ya ce, "An gama, bos." Ya miƙo canji ya ce, "Na gode, bos." Sau uku a minti biyu. Kai da ka shekara goma kana bin ciyaman ɗin 'yan kabu-kabu da jaka, sau nawa aka taɓa ce maka ko da mataimaki?

Daga ranar labari ya bazu. Wanzamina Bakurde, bos. Basomalen da ke gyaran waya a Alum Rock, bos. Mai kawo saƙo a keke, wanda ko fuskata bai gani ba saboda hular kwano, bos. Har na fara tunanin ko in sa a ɗinka mini alkyabba.

Gaskiya masarautar tana da hakimai da yawa. Ran nan ina layi a shagon kazar, a gabana akwai wani yaro ɗan firamare da kayan makaranta da majina, ya ƙirgo tsabarsa a kan kanta, aka ce masa, "Ga shi, bos." Bayansa wani bawan Allah da ya sha ya yi tatul, yana gardama da ƙofa a kan wace hanya take buɗewa, aka ce masa, "Ja za ka yi, bos." Ɗan sanda ya shigo sayen ruwa, shi ma bos, da murya ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ni ban damu ba. Babban sarki ba ya ƙyashin dagatai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne su yaran unguwa suna kiran mai shagon bosman. Yaro ya ce, "Bosman, ƙara mini fiffike ɗaya." Shi kuma ya ce, "Babu, bos." To, ga bos a gaban kanta, ga bos a bayan kanta. Wa zai ɗauki buta? Na zauna na yi lissafi a kan takardar naɗe dankali, na gano cewa a duk titin nan babu yaron kowa. Kowa ubangida ne, kuma kowa da kansa yake wanke kwanonsa.

Mutum ɗaya ce kawai a Birmingham ba a kira bos, ita ce shugabarmu a wurin aiki. Yarinya ce da ba ta kai Auta tsawo ba, tana zuwa a keke, tana haɗa shayinta da kanta, ta wanke kofin. Ita ke rubuta wa zai yi dare, wa zai huta, wa za a sallama. Kuma kowa, har mai shara, da sunan yanka yake kiranta, gatsau, daga wancan ƙarshen sito, ba Hajiya ba ranki ya daɗe. Ranar farko na gaishe ta irin gaisuwar da aka koya mana a gida, na ɗan rusuna, na sunkuyar da kai. Ta zaro ido ta tambaye ni ko bayana ke ciwo. Kafin in buɗe baki ta kawo takarda mai shafi huɗu in cike, aka tura ni wani ɗaki aka nuna mini bidiyon yadda ake ɗaga kwali. Ladabin da Inna ta sha wahala ta dasa mini, nan an rubuta shi a fayil a matsayin raunin aiki.

Kuma ba ta ba da umarni. Sai ta zo tana murmushi ta ce, in ba damuwa, in na sami sarari, ko zan iya duba waɗancan kwalayen, amma fa kar in takura kaina. Taubashi, ka rubuta wannan ka ajiye saboda ranar da Allah zai yi maka biza: ma'anar maganar ita ce yanzu-yanzu. Idan ta ce wata 'yar ƙaramar shawara ce take da ita, to hukunci ya riga ya zartu. Idan ta ce tana so ku ɗan tattauna na minti biyar, ka fara tuna inda ka ajiye fasfo. A gida oga zai daka maka tsawa har tantabaru su tashi, da yamma kuma ya aiko maka da kuɗin cefane. Nan ba tsawa, ba cefane. Sama da ita ma akwai wani, wata 'yar na'ura da ake ɗaura mana a hannu tana ƙirga kwali nawa ka ɗauka a awa. Ba ta amsa gaisuwa, ba ta san an yi maka rasuwa ba, ba ta da ƙanin uba da za a bi ta wajensa a ba ta haƙuri.

Wani abokin aikina ɗan Afirka ta Kudu shi kaɗai ne ba ya son kalmar. Idan aka ce masa bos sai ya ɓata rai. Ya ce kakansa ya tsufa yana cire hula yana ce wa yaron Bature bas, kuma bas ɗin nan shi ne bos. Na bincika a waya lokacin hutun dare, ashe da gaskiyarsa. Kalmar ta mutanen Holan ce. Su suka kafa garin da ya zama New York kafin Ingilishi su karɓe shi a 1664, suka tafi suka bar kalmar. Daga baya leburorin Amurka farar fata suka rungume ta saboda ba sa son kiran mai ba su aiki masta, wai wannan bakin bayi ne. Ka ji fa. A can an ɗauke ta don gudun bauta, a Afirka ta Kudu ita ce bautar, a Gusau mugun fim ce, a Small Heath kuma kyauta ce da ake haɗa maka da dankali. Ni dai bos ɗaya na yarda da shi tsakani da Allah, marigayi Stephen Keshi, Big Bos, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013. Ka tuna daren da Sunday Mba ya ci Burkina Faso, ka yi tsalle ka karya bencin gidan kallo, ka ce ni ne? Har yau mai gidan kallon yana harara ta a Facebook.

Na yi ƙoƙarin nuna wa mutanen nan yadda ake sarauta ta gaske. A wajen shan shayi na ce musu sarkin garinmu Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa. Wani ya buɗe taswira a waya ya ce ai ga Katsina can, wata jiha daban. Na ce e. Ya ce to Katsinar yake mulka? Na ce a'a, Katsina da nata sarkin. Na fara ba shi tarihin Malam Sambo Ɗan Ashafa, na ga idonsa ya fara lumshewa, sai na tsallaka Tsafe na ce can kuma 'Yandoton Tsafe ne, sunan tsohon garin malamai ne ya zama sarauta. Na ƙara da Sarkin Fulanin Bungudu, na ce a ƙaramar hukumar Bungudun ma akwai wani sarkin a Kwatarkwashi, gindin dutse. Ban kai ga ciyamomin ƙananan hukumomin jiharmu 14 ba, balle ciyaman na tasha da na mahauta da na masu sayar da katin waya, ya ce shayinsa ya huce. Mutanen da suke kiran tsohon firayim ministansu Boris, kai ka ce ƙaninsu ne da suka aika sayen kalanzir, ina za su iya da mu?

Nasu babban lambar girman kuma Sa ne, wanda fada ke bayarwa a liƙa a gaban suna. Tsohon kocinku na Manchester United, Alex Ferguson, Sarauniya ta ba shi Sa a 1999. Don Allah ka yi wa Kawu na Bungudu bayani a hankali. Da na faɗa masa a waya sai ya ce, "Sa guda? Duk wahalag ga da yay yi? Ko karsana ba ta haɗa mai ba?" Ya ce in bincika masa ko na huɗa ne ko na kiwo.

Abin da na lura, a wajenmu suna yana da kuɗin haya. Ranar da yaran tashar Tsafe suka fara ce maka oga, ka san aljihunka ya shiga uku. Wanda aka ce wa Alhaji a wajen biki ba ya fita sai ya sallami maroƙa. Wanda aka ce wa maigida, buhun gero yana wuyansa, da kuɗin asibitin ɗan maƙwabci. Nan kuwa sai a ce maka bos a bar ka da jakarka a tashar bas cikin ruwan sama, ba mai cewa kawo in riƙe maka.

Wanzamin nan nawa, kullum shi ke yi mini aski, ya san inda tabon da ka ji mini da dutse a gindin Kwatarkwashi yake, yana kauce masa da aska. Bai san sunana ba. Ban san nasa ba. Bos da bos. A wurin aiki sun gutsure sunan nawa sun bar gaɓa ɗaya, wai ya fi sauƙi. Shi ya sa idan ka turo saƙon murya ka fara da wannan mummunan sunan da Goggo ta laƙaba mini tun ina rarrafe, nakan yi tsaki, in sake kunnawa. Kar ka faɗa wa 'yan majalisa wannan, zan ƙaryata ka.

Kuma maganar wasa a gefe, ka daina bin hanyar Tsafe bayan la'asar, ko wa ya kira ka. Waɗancan 'yan bindigan na daji irin bos ɗinmu na fim ne, sai dai jarumin ya yi jinkiri. Idan na kira wayarka sau biyu ba ta shiga ba, ba na iya cin abinci, kuma ka san kazar nan da tsada.

Saura maganar kuɗin shara. Na san da ka karanta wasiƙar nan za ka ce tunda na zama ubangida, bana ni zan biya. Ban ƙi ba, amma sai ka rubuto da hannunka cewa kai bawana ne, Baba ya sa hannu, liman ya shaida, a ɗauki hoto a turo. In ka yi haka zan haɗa maka da turaren Hugo Boss na gaske, ba irin wanda ka saya a tsohuwar kasuwa da ya sa kuda suka raka ka ɗaurin aure ba.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina cin abinci, kar ka ambaci dankali. Ka gaishe da Baba da Goggo da Kawu da mutanen Tsafe baki ɗaya. In an sami mai zuwa a aiko da kuka da kuɓewa busasshiya. Kilishi kar a sa, ƙwacewa suke yi a filin jirgi, kuma jami'in da zai jefa shi a kwandon shara da "yi haƙuri, bos" zai raka shi.

Naka,
Ubangidanka na Small Heath