Ɗan Akuyar da Ba Shi da Kai

Akuyar uwargida ce, ja 'yar Maraɗi, irin waɗanda aka sani da tagwaye. Ni na riƙe lissafi tun ranar barbara, kwana 150, sai ga naƙuda jiya da hantsi, mai ita ta tafi gidan suna. Faya ta fashe, ɗa ya sulluɓo, ƙafafun gaba ne farko, hanci a kansu. Ta lashe shi tas, ya miƙe yana tangaɗi yana laluben dakashi. Ko tsinke ban ɗaga ba, amma na ji ni ungozoma sosai.

Can bayan kamar awa guda ta sake yunƙuri, wani abu ja mai yauƙi ya faɗo tim. Ba motsi. Na ce shi ke nan, Husaini ya zo a some. Na durƙusa cikin farar shaddata, na tallafe shi da hannu biyu.

Maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga, tef a wuya.

"Malam, hura masa iska a hanci!"

"Ban ga hancin ba!"

"To juyo shi, bai fi hancin na baya ba."

Na juya, ya zille ta tsakanin yatsuna, na cafe shi da ƙirji.

"Babu kai fa!"

Ya yi shiru yana nazari. "Bakwaini ne. Su kansu daga baya yake fitowa. Hura ko'ina, iskar za ta nemi hanya."

Wallahi na hura. Na kumbura kumatu, na kafa baki kamar mai busa algaita, na hura har sau uku. A ta ukun ne na ji sallamar surukata a bayana.

Ta daɗe tsaye. Ba ta dube ni ba, ƙaramar 'yata ta kira: "Ke, ce wa babanku mabiyya ce. Ya ajiye wa akuya abarta."

Na ajiye a hankali, yauƙi na bin gemuna. Akuya ta sunkuya ta hau cin abarta, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi.

Tela ya tafa hannu yana salati. "Ta cinye ɗanta! Malam, ba na ce ka riƙa ƙara mata dusa ba?"