Ranar da kazar Goggo ta yi cara

A layinmu babu gidan da ba akurki. Ko gidan haya ne, za ka tarar an kifa tsohon kwando ko rabin duro a bayan madafa, da kaskon ruwa a gefe. In an gama "ina kwana, ya yara," abin da ke biyo baya shi ne "ya kajin?" Kuma mun san kajin juna kamar yadda muka san 'ya'yan juna: durgun gidan liman, shazumamar amarya, da baƙar kazar Goggo wadda ko kare bai isa ya ratsa gaban 'yan tsakinta ba.

Ita wannan baƙar ce ta tada unguwa. Muna zaune a tsakar gidan Goggo bayan la'asar muna tsintar wake, sai ta yi tsalle ta haye katanga, ta karkaɗe fukafukai, ta miƙe wuya, ta saki cara. Muryar a shaƙe take, amma cara ce, kowa ya ji.

Goggo ta ajiye faifai tana salati. "Ku kira min yaro ya zo da wuƙa. Kaza mai cara ba ta kwana a gida, haka muka taso muka gani."

Amarya ta tuntsire da dariya. "Haba Goggo, tun da kika yanka zakaran da Sallah gidan ba namiji. Ta ga kujera ba kowa, ta hau."

"Ke dai bakinki ba ya gajiya, 'yar nan."

Ashe maganar amarya ba wasa ba ce kawai. 'Yar gidan liman, wadda ke karatun kiwon dabbobi a Samaru, ta ce in garke ba zakara, kazar da ta fi ƙarfi takan ɗauki aikinsa, har ta gwada cara. Wani lokacin kuma daga cikin jiki ne. Kaza da mahaifar ƙwai ta hagu kaɗai take aiki, in wannan ta samu ciwo sai halittar namiji ta fara rinjaye, tukku ya girma, ƙwai ya tsaya. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai ba ta son abin. Amma wuƙar ba ta zo ba, kuma duk mun san dalili: a layin nan babu kazar da ta kai wannan iya kwanci.

Kwancin nan shi ne darajar kazar Hausa. Kajin gidan gona, irin su Shika Brown da aka samar a Shika kusa da Zariya, ƙwai suke zubawa, ba kasafai suke zama a kansa ba. Tamu kuwa in ta tara 10 zuwa 15 sai ta lafe, ta buɗe gashi, ido ya yi ja, ka kai hannu ta kai maka sara. Sau ɗaya take tashi a yini, ta ci, ta sha, ta yi birgima a toka don kakkaɓe ƙwarƙwata, ta koma da gudu. Wurin da za ta zaɓa kuma, ita kaɗai ta san dalili. Baƙar Goggo a cikin turmi take kwanci, duk yadda aka gyara mata akurki. Bara sai da Goggo ta yi mako uku tana aron turmi a maƙwabta, domin ta ce ba za ta tashi mai jego ba. Tawa kuma na taɓa kwashe mata ƙwai don ta haƙura, washegari na same ta kwance a kan albasa biyu da murfin kwalba, tana yi min gurnani.

Da damina in zabi sun fara ƙwai, layi ake bi wajen Goggo. Zabuwa ba ta iya reno ba, takan ja 'ya'ya cikin raɓa su mutu, don haka kaza muke ba. Sai dai akwai lissafi: ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28. Mai son haɗawa sai ta fara sa na zabon, bayan mako guda ta ƙara na kazar, su ƙyanƙyashe tare. Amarya da ba ta sani ba ta zuba su rana ɗaya, uwar ta ga 'yan tsakinta sun fito ta miƙe, ta bar na zabon suka huce. Har yau in ta yi wa Goggo tsiya, da wannan ake rama mata.

Na agwagwa ya fi ban tausayi. Kwana 35 kaza za ta yi a kai, ta rame, sannan ranar farko da aka yi ruwa 'ya'yan su faɗa kududdufi. Ita kuwa tana baki tana kai da komo, tana kiran da ba mai amsawa. Na taɓa tsayawa ina kallonta har na manta tukunya a wuta.

Ana cikin wannan raha Goggo ta tuna mana abin da ke kashe hira: fakat. In hunturu ya kama, cutar kan share akurki cikin 'yan kwanaki, kaza ta yi sanyi, ta yi koren kashi, wuya ya murɗe. Barkono da maɗaci da muke jiƙawa a kasko ba sa tare ta. Rigakafi ne maganin abin, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa, ana ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha, kuma kwalba ɗaya ta ishi gidaje da yawa. Shi ya sa muke yin karo-karo mu saya tare, a riƙe shi cikin ƙanƙara, a gama da shi rana ɗaya.

Bana 'yar gidan liman ce ke karɓar kuɗin. Wadda ba ta kai nata ba ta kai kafin iska ta juya, kuma a tsare kajin a akurki tun daren ranar rigakafin, har da baƙar Goggo.