Cigiyar Kalmar “To” Ta Turanci

A ofisoshin Najeriya akwai wata aba da ke ɓacewa kusan kullum, kuma ba mai cigiyarta. Ma'aikaci zai rubuta takardar neman hutu, ya ce a ba shi kwana uku “to enable me attend my brother's wedding”. Shugaba ya sa hannu, a sha biki lafiya. Amma tsakanin “me” da “attend” akwai gurbi, kuma mai gurbin ita ce kalmar “to”. Ba “to” ɗinmu na amsa magana ba, ta Turanci ake nufi, wadda ake furtawa “tu”. Bature zai rubuta “to enable me to attend”, da guda biyu, kuma ko ɗaya ba ta yi masa yawa ba.

Wanda ya bi sawunta ba zai sha wahala ba, don ba ta yi nisa ba. Tana can a bakin ɗalibin da ya dawo gida gwiwa duk ƙura yana cewa, “The teacher made me to kneel down.” Nan kuwa ba a gayyace ta ba, daidai shi ne “made me kneel down”. Wato an ɗauke ta daga inda ake jiranta an kai ta inda ba a son ganinta. Adadin da ke ƙasar nan bai ragu ba, rabon ne ya karkace.

Ga yadda abin yake. Idan aikatau biyu suka haɗu a jimlar Turanci, na farko ne ke ɗaukar nauyin lokaci da na mai aikin. Na biyu sau da yawa sai ya zo fayau, ba a liƙa masa komai a ƙeya ba. “She wants to go”, “she wanted to go”: duk juyin da ake yi, “go” bai motsa ba. Shi ne aikatau marar lokaci, kuma aikin “to” a gabansa irin na zagi ne a gaban dokin basarake. Sai dai ba mahayin ke yanke shawarar ko zai shiga da zagi ba. Aikatau na farko ne mai gida, shi ke cewa a shigo da shi ko a bar shi a ƙofa.

Masu karɓar zagi suna da yawa: “want”, “hope”, “decide”, “agree”, “refuse”, “plan”, “learn”, “manage”. Akasarinsu suna duban abin da ba a riga an yi ba, ana dai so, ko ana fata, ko an ƙi. A nan Bahaushe ya kula da al'adar bakinsa. Mu mukan maimaita mai aikin: ina so in tafi, kana so ka tafi, tana so ta tafi. Bature sau ɗaya yake ambatarsa ya wuce, “I want to go”. Idan kuma wani ake so ya yi aikin, sai a cusa shi a tsakiya: “I want you to come”, “I want him to come”. “I want that you come” Hausa ce aka rubuta da kalmomin Ingila.

Mai harkar bashi ya buɗe ido a wannan tsari. “I told Audu to pay” na nufin Audu ne zai biya. “I promised Audu to pay” na nufin mai maganar ne zai biya. Audu yana wurinsa, “to pay” tana wurinta, kalma ɗaya aka sauya, kuɗin ya tashi daga aljihu ɗaya ya koma wani.

Sai waɗanda ba a shiga musu da zagi ko da wasa: “can”, “must”, “will”, “shall”, “should”, “may” da 'yan'uwansu. “I can swim”, “you must go”. A cikin danginsu “ought” ne ya fita zakka, shi sai da “to”. “Let” da “make” ma ba sa karɓa. Kada mai koyo ya ce zai gano wannan da hankali, domin “let” da “allow” ma'anarsu kusan ɗaya ce, amma sai a ce “let him go”, a kuma ce “allow him to go”. Haka “make him go” da “force him to go”. “Help” kuwa ba ruwansa, an zo da ita ya karɓa, an zo babu ya karɓa. Ɗalibin nan mai ƙurar gwiwa kuwa, idan lallai yana son “to” ɗinsa, akwai hanya. Ya janye malamin daga gaban jimla ya ce “I was made to kneel down”. Da zarar an juya jimlar haka, “to” ta dawo, kuma dole ce.

Wannan rabon gado yana da tarihi. A tsohon Turanci, wanda ake yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, aikatau marar lokaci yana da alamarsa a ƙeya: “drincan” sha, “singan” rera waƙa. “To” a lokacin kalmar nuna inda aka nufa ce. Da ɗafa-ƙeyar ta zaizaye a ƙarnukan da suka biyo baya, sai “to” ta yi ta karɓar aikin alama, amma ba ta samu shiga gidan “can” da “must” ba har yau. Tsohon aikinta na nuna nufi bai mutu ba. “I went to the market to buy rice”: ta farko ta kai mutum kasuwa, ta biyu ta faɗi abin da ya kai shi.

Turawan ma sun daɗe suna sa-in-sa a kanta. A 1864 wani babban limamin coci na Kantabure, Henry Alford, ya soki masu cusa kalma tsakanin “to” da aikataunta, irin “to quickly run”. A 1926 H. W. Fowler ya kasa masu jin Turanci gida biyar a kan wannan batu kaɗai. Yau yawancin masana nahawu sun ce ba laifi ba ne, don haka mai koyo ya ajiye wannan rigimar ga masu ita.

Abin da ya fi cancantar damuwarsa shi ne aikatau masu neman “-ing”. “Enjoy”, “avoid”, “finish”, “mind”, “suggest” ba sa karɓar “to” sam: “I enjoy reading”. Akwai kuma wata “to” mai kama da zagi amma ba shi ba ce, tsohuwar mai nuna hanya ce, kuma bayanta “-ing” ke zuwa. Ita ce a “I look forward to hearing from you”. Gwajinta mai sauƙi ne: idan za a iya ajiye suna a bayanta, kamar “I look forward to Sallah”, ita ce. Ina jin zafin yadda yaranmu ke zubar da maki a WAEC da NECO da JAMB a kan waɗannan, alhali ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. An ba su kalmomi ɗai-ɗai ne su haddace da ma'anarsu. Da za a rubuta musu kowane aikatau tare da mabiyinsa, “refuse to eat”, “enjoy eating”, “let him eat”, su karanta da ƙarfi har kunne ya saba, da an rage asara.

Inda abin ya wuce maki ya shafi lafiya da dukiya shi ne aikatau masu karɓar duka biyun, ma'ana kuma ta rabu. A ce mai tari ya zauna gaban likita, aka tambaye shi labarin sigari. Idan ya ce “I stopped smoking”, ya daina ke nan, likita ya yi masa barka. Idan ya ce “I stopped to smoke”, ya shaida wa likita cewa a kan hanyarsa ta zuwa asibiti ya tsaya ya kunna kara ɗaya. Maganin da za a rubuta wa mutanen nan biyu ba lallai ya zo ɗaya ba.

“Remember” ma haka take. “Remember to lock the shop” umarni ne, ana faɗa wa yaron shago kafin a tashi, kwaɗo yana rataye bai shiga ba tukuna. “I remember locking the shop” shaida ce, yaro ke bayar da ita da safe idan an tarar da ƙofa a buɗe. Mai “to” tana duban gaba, mai “-ing” tana waiwaye. Saboda haka idan yaro ya turo saƙo da dare cewa “I forgot to lock the shop”, ba cewa yake ya kulle sannan abin ya shige masa ba. Bai kulle ba. Maigida ya nemi takalminsa da tocila ya kama hanyar kasuwa.