Masu Leƙen Rotifa Iri-Iri

Ɗigon ruwan kududdufi ɗaya a kan gilashi ya ishi aji guda aikin yini, in dai an yi sa'a akwai rotifa a ciki. Ƙananan halittun ruwa ne, yawancinsu ba su kai rabin milimita ba, jikinsu garau har kana ganin abin da suka ci, a kansu kuma akwai 'yan gashi masu kaɗawa bi da bi, har ido ya rantse ƙafafun keke biyu ne ke juyawa. Ita dai rotifa harkar gabanta take yi. Rigimar tana wajen masu layi a bayan madubin ƙara girman abu.

Akwai Mai Kumfa, wanda kullum shi ke fara ihun "Na gani!" Ka leƙa, sai ka tarar da wata da'ira mai baƙin baki da ko motsi ba ta yi. Iska ce ta maƙale a ƙarƙashin murfin gilashi. Ƙaninsa shi ne wanda ya daɗe yana nazarin gashin idonsa, har ya zana shi ya sa masa suna.

Akwai Hajiya Ƙyama. Da ta ga abu ya wutsila sai ta ja da baya, ta yi salati, ta rantse ta bar shan ruwa in ba na roba ba. Ka gaya mata rotifa ba ta sa cuta, bakteriya da ƙananan tsiron ruwa ma take ci, sai ta ce, "Kai dai ka sha."

Mai Waya ba ya kallo da ido. Zai manna kyamara a bakin madubi, ya yi ta karkata kai, ya tashi da hoton farin wata a cikin duhu, ya ɗora a WhatsApp da rubutun "Bincike ya yi nisa."

Sai uban tafiya, Malam Masani. Shi ba ya neman madubi, kafaɗarka yake nema. Kana sunkuye za ka ji numfashinsa a kunnenka. "Ɗan'uwa, ka ga wancan abin da ke bal-bal a tsakiya? Zuciyarsa ce." Rotifa kuwa ba ta da zuciya. Abin da ke buɗewa yana rufewa muƙamuƙi ne a cikin maƙogwaronta, ɗan injin niƙa da ke markaɗa duk abin da gashin ya kaɗo mata. Kafin ka buɗe baki ya wuce gaba: "Wannan namiji ne, dubi ƙarfinsa." Alhali a dangin da ake samu cikin gansakuka, masu tafiya suna kafa kai suna jawo gindi, ba a taɓa ganin namiji ko ɗaya ba. Mata ne zalla, suna yin ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe mata. In malami ya zo ya faɗi haka, Masani zai gyaɗa kai a hankali ya ce, "Yallaɓai, abin da nake nuna masa ke nan." Ya kuma san labarin Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda a 1702 ya jiƙa busasshiyar ƙurar indararo ya ga halittun sun farfaɗo suna iyo. Labarin gaskiya ne, sunan mutumin ne dai ke fitowa da sabon lafazi duk lokacin da ya ambace shi. Ranar da Masani bai zo ba, ɗakin gwajin sai ya yi shiru, har ka ji kana kewarsa.

Wanda ba na iya yi wa uzuri shi ne Mai Murƙushewa. Ka sha wahala ka nemo rotifa, ta kafa yatsunta ta manne, ta buɗe kai tana cin abinci. Sai ya ce, "Bari in ɗan gani." Bai tambayi kowa ba, ya juya zuwa babban ido, ya murɗa ƙasa da ƙarfi. Ƙas! Murfi ya fashe, ruwa ya shafe idon madubi. A 2021 masana a Rasha sun farfaɗo da rotifa daga daskararriyar ƙasar Saberiya bayan shekara kusan 24,000, har ta ci gaba da haihuwa. Halittar da ta jure wannan ba ta iya jure hannun bawan Allahn nan na daƙiƙa biyar. Abin takaicin, ba ya ko cewa a yi haƙuri. Sai ya miƙe ya ce, "Madubin nan ba shi da kyau," ya nufi na maƙwabci.

Na ƙarshe mutum ne mai natsuwa da sanin darajar ilimi. In ya samu rotifa sai ya dafe madubin da hannu biyu, duk wanda ya matso ya ce masa, "Minti ɗaya." Ana yawan ƙorafi a kansa, har an ce wasu sun gama zangon karatu ba su ga komai ba sai ƙeyarsa. Ni dai ban taɓa ganin mai ƙorafin ba, domin duk sanda na ɗago kai ajin ya riga ya watse.