Yadda Ake Ja wa Tsohuwar Fijo Wuta

To, Alhaji, ka gaji da goge kwantak da samfefa, ka sa wa 504 ɗinka, haɗin Kaduna, sabon distiributa mai lantarki. Madalla. Saura ka samo masa wayar da ke kawo wuta in an murɗa makulli, ta ɗauke in an kashe. Ga zaɓi.

Na ɗaya, ja waya kai tsaye daga batir. Mota za ta tashi, mutuwa ce dai ba za ta yi ba. Zare makullinka ka shiga kasuwar Wurno cinikin tafarnuwa, ka fito ka iske ta tana shan mai abinta.

Na biyu, ɗana daga wayar rediyo. Tana da wuta har zuwa lokacin da za ka buga kik, sai ta ɗauke, daidai sa'ad da fulogi ke jiran tartsatsi. Da turi kam mota tana tashi, don haka ka fara kyautata wa samarin Rabah tun yanzu.

Na uku, tsohuwar wayar kwil. In motarka na da ɗan farin tangaran nan mai rage wuta, abin da ke isowa bai wuce bolt 9 ba, sabon kaya kuwa 12 yake so cif. Za ta tafi, amma da tari da shaƙuwa.

Ga masu son isa gida lafiya kuma, ku ɗauki ƙwan gwaji ku nemo wayar da ke kunna shi makulli na buɗe, bai kuma mutu ba ana buga kik. Sannan a cire kan batir na jikin mota, a kawo rile mai ƙafa 4. Lamba 30 ta tafi batir ta cikin fis, fis ɗin dab da batir. Lamba 86 ta karɓi wayar makullin, 85 ta kama jikin mota, 87 ta kai wuta ga sabon kaya. A matse kowane haɗi da kansa, a naɗe da salatif. Ledar burodi ba ta cikin lissafi.

In kuwa ka ga fis ya yi tsada har ka cusa ƙusa a gurbinsa, ba mu hana ka ba. Ka dai riƙa yin fakin a bakin madatsar Goronyo. Tun 1984 aka kammala ta, ruwan kashe gobara ba zai gagara ba.